Madubin Bindigar da Pa Ya Sayo a Windhoek

Shekara ta uku ke nan ba mu ga ruwan kirki ba lokacin da Pa, mahaifina, ya harbi maririn nan a muƙamuƙi.

Gonarmu tana gabas da Gochas, cikin jajayen tuddan yashi. A shekarun fari namun daji da tumaki ciyawa ɗaya suke rububi, saboda haka dole a rage namun, a kai wa mahauta a Mariental. Aikin Pa ne wannan tun kafin a haife ni. Duk yankinmu an san shi, Kerneels Mouton: harsashi ɗaya, dabba ɗaya, kuma a ka ko a wuya, don kada nama ya ɓaci. Mariri ba ya yarda ka matso shi a filin nan namu. Da ya hango mota daga mita ɗari huɗu, sai dai ka ga ƙurarsa. To, daga wannan nisan Pa yake kwantar da shi.

Ni kuwa na bar aikin koyarwa a Keetmanshoop na dawo gida bayan rasuwar Ma, mahaifiyata, don gidan ya yi wa Pa girma. Idan za a fita farauta ni ke tuƙa motar, Oom Absalom Swartbooi yana tsaye a baya. Oom a bakinmu kawu ke nan, haka muke kiran dattijai. Sa'an Pa ne, shekara arba'in da ɗaya suna aiki tare. Shi ke gyaran famfunan iska, shi ke bin sawu, kuma shi kaɗai ne a duniya yake iya ce wa Pa ya yi wauta ya zauna lafiya.

Ran da abin ya faru, tun daga ƙarar harsashin na san ba daidai ba ne. Maririn, mace ce, ta girgiza kai kamar wadda zuma ta harba, ta juya ta haye tudu da gudu. Kwana biyu muna bin jininta. A rana ta biyu da la'asar muka same ta a kwamin ruwa na Witpan. Ta tsoma baki cikin ruwa, amma muƙamuƙin ƙasa yana reto, duk abin da ta zuƙa sai ya zubo. Ƙudaje sun rufe mata fuska. Ko gudu ba ta yi ba da ta gan mu. Pa ya matsa har taku ashirin kafin ya ƙarasa ta.

Oom Absalom ya cire hula ya share gumi. Ya ce, "Kerneels, dabba ta uku ke nan da ka raunata cikin wata biyu."

Pa ya ce, "Madubin bindigar nan ne. Shekara talatin da biyar yana shan rana da ƙura. Hazo ya shiga cikinsa."

Oom Absalom ya karɓi bindigar, ya ɗora ido a kan madubin, ya duba can wajen shinge. "Ni dai har tsatsar da ke jikin waya ina gani."

"Kai da ko tankin ruwa aka ba ka ba za ka samu ba, me ka sani a kan madubi? Ba ni abata."

Daga ranar Pa bai ƙara wata magana ba sai ta madubin bindiga. Ya buga wa maƙwabta waya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce in ba na Jamus ba, ɓata lokaci ne. Wancan ya ce Jamusawa sun kwana, yanzu na Amirka ake yayi, mai maɓallin da kake murɗawa gwargwadon nisa. Wani ya rantse da na Japan, ya ce nasa ya taɓa faɗowa daga kan mota bai ko goce ba. Pa ya zazzago tsofaffin mujallun farauta daga kabad, ya ce in riƙa karanta masa bayan cin abinci, wai tabaraunsa ya kwana biyu, rubutun kuma ƙanana ne. Na karanta masa. Ban kawo komai a raina ba, ko kuwa ban so in kawo ba.

Ran Talata muka kama hanyar Windhoek tun da asuba, bindigar tana kwance cikin jakarta a bayan kujera.

Shagon Volker Ahrens yana hawa na biyu, tagarsa tana kallon hasumiyar wani coci mai agogo, can nesa a kan tudu. Duk wanda ya zo sayen madubi, wannan agogon ake sa shi ya duba. Volker ɗan shekara arba'in ne da 'yan kai, ya gaji shagon daga mahaifinsa, kuma ya san Pa tun yana ƙarami.

"Oom Kerneels! Ashe dai tsohon madubin nan zai yi ritaya kafin mai shi."

Pa ya ce, "Fito da na kirki. Ban da tarkacen da kake sayar wa 'yan birni."

Wani mai tumbi da ke zaɓen harsashi a gefe ya juyo. "Ai mu 'yan birni mu muke riƙe da shagon nan, Oom. Ku mutanen yashi sau ɗaya kuke zuwa a shekara talatin."

"Don mu abin da muka auna muna samu. Ku kuwa sai kun ƙarar da akwati guda kafin barewa ta mutu da dariya."

Aka yi dariya, har da mai tumbin. Volker ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan kanta, ya jera madubai huɗu. Na Jamus mai nauyi ne, ya ce yana tattara haske ko da rana ta faɗi. Na Ostiriya ba nauyi, gilashinsa garau kamar ruwan rijiya. Na Amirka shi ne mai maɓallin nisa, kuma in ya lalace ko bayan shekara nawa ne za a canza maka. Na Japan ya fi su sauƙin kuɗi, ga juriya. Ya ce, "Babu na banza a ciki, Oom. Ido ne ke zaɓa, ba ni ba. Ɗora kowanne a kan buhun yashin nan ka duba agogo."

Pa ya fara da na Jamus. Ya daɗe a sunkuye. Volker ya ce, "Ƙarfe nawa ya nuna?"

"Agogo na zo saye?" Pa ya ɗago. "Wannan zaren gicciyen auna da ke cikinsa a lanƙwashe yake. Daidai tsakiya."

Volker ya karɓa ya duba, ya murɗa zoben da ke wajen ido, ya mayar masa. Pa ya ce har yanzu. Ya ɗauki na Amirka, ya ce shi ma haka, har da wani duhu-duhu a tsakiya kamar an dangwala yatsa mai maiƙo. Na Japan ko minti ɗaya bai yi a hannunsa ba.

Ya ce, "Kai, duniya ta lalace. Har Jamusawa sun koyi ha'inci."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai tumbin ya biya kuɗin harsashinsa ya fita sumumu. Na ɗauki na Jamus ɗin na duba da kaina. Zaren a miƙe yake sambal, agogo ya nuna sha ɗaya saura minti bakwai, har da wata tattabara a kan rufin.

Pa ya ce bari ya sauka ya ɗauko bindigar daga mota, a gwada a jikinta. Yana fita Volker ya jingino kan kanta, ya rage murya.

"Elsabe, haka mahaifiyata ta fara. Ta ce ƙofar kicin ta karkace, a kira kafinta. Ki kai shi wajen likitan ido. Yau ɗin nan, tun kuna cikin gari."

Na ce, "Kai ka gaya masa mana. Zai fi jin taka."

"Ni mai shago ne. Ke ce 'yarsa."

Muka ji takun Pa a matakala, muka yi shiru.

Pa ya ɗauki na Ostiriya, wanda bai riga ya gwada ba. Na lura da yadda ya yi: maimakon ya dubi cikinsa kai-tsaye, sai ya ɗan kautar da kai, yana leƙe ta gefen ido. Can ya ce, "Yauwa! Sha ɗaya saura. Wannan shi ne madubi." Fuskarsa ta washe.

Volker ya ce, "Oom, da ka je gida ka ƙara tunani. Ba gudu zai yi ba, zan ajiye maka."

"Shagon nan na sayarwa ne ko na wa'azi? Ɗaura min."

Volker ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon koren ƙyallen. Ya ɗauko sukundireba ya ɗaura.

A hanyar komawa sau uku ina buɗe baki don in gaya masa maganar idon. Na farko kafin Rehoboth, sai Pa ya ce in tsaya ya saya mana gasasshen nama. Na biyu a Kalkrand, sai na ji yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, wadda Ma take so, yana buga yatsu a gwiwa. Rabon da in ji muryarsa a waƙa tun ranar jana'iza. Na uku mun riga mun sauka daga kwalta, na ce, "Pa," ya ce, "Na'am, 'yata?" da wata irin murya mai taushi. Sai na tambaye shi ko ya tuna da maganin tumaki. Na ce wa kaina zan gaya masa ran Lahadi bayan coci.

Washegari ya kafa takarda a mita ɗari, ya yi harbi goma sha ɗaya. Ramukan sun warwatsu kamar an watsa gero. Ya ce sabon madubi sai ya zauna, ya naɗe takardar ya cusa a aljihu kafin Oom Absalom ya iso.

Ran Alhamis da sassafe muka fita mu biyu. Oom Absalom ya riga ya tafi da keken jaki gyaran famfon arewa, haka ya gaya min da bakinsa. Abin da ban sani ba, ya tarar aikin ba yawa, ya gama, ya zarce Witpan don kwamin can yana yoyo.

Muka bar mota a gindin tudu muka hau da ƙafa, muka kwanta rub da ciki a kan yashi. Rana tana bayanmu. Daga nan zuwa kwamin Witpan mita ɗari uku da hamsin ne, Pa ya san nisan kamar tsakar gidansa. Na ɗaga tabaron hangen nesa, na ga barewa kamar goma sha biyar can hagu da famfo, suna kiwo.

Pa ya ce da raɗa, "Ga namiji can shi kaɗai yana shan ruwa. Ƙato ne."

Na ce, "Ina? Duk kiwo suke yi."

"A kwami mana. Ki yi shiru."

Na bi bakin bindigarsa da ido, na juya tabarona dama. Keken jakin yana bayan tanki, shi ya sa ba mu gan shi ba. A bakin kwami ga Oom Absalom a sunkuye cikin kayan aikinsa masu ruwan ƙasa, hannunsa biyu cikin ruwa, farin tsumma yana reto daga aljihun baya.

Na ji ƙarar maɓallin tsaron bindigar, ƙyas. Na ji Pa ya saki rabin numfashi, yadda yake yi kullum kafin ya ja kunamar bindiga.

Ban san na yi ihu ba ko ban yi ba. Na dai san na kai wa bakin bindigar duka da hannu biyu, ta tashi. Madubin ya daki Pa a gira. Can ƙasa na ji harsashi ya sami ƙarfe, ƙwal, Oom Absalom ya faɗi ƙasa warwas.

Na gangara tudun nan da gudu, ina faɗuwa ina tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi. Kafin in kai ya tashi zaune. Harsashin ya huda tanki, bai fi taku ɗaya daga inda kansa yake ba, ruwa yana tsartowa yana zuba a kafaɗarsa, shi kuwa bai ko matsa ba. Jakunan suna ta fizgar linzami.

"Oom! Oom, ya same ka?"

Ya duba jikinsa a hankali, ya shafa ƙirji, ya shafa ciki. Ya ce, "A'a." Sannan ya miƙe, ya nemo guntun icce, ya zaro wuƙa ya fiƙe shi, ya toshe ramin tankin. Sai da ya gwada sau uku kafin iccen ya zauna. A shekarar fari ba a barin ruwa ya zube.

Pa ya iso yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ba bindiga a hannunsa, jini ya rufe masa ido ɗaya ya gangaro har cikin gemu.

Na yi maza na ce, "Bindigar ce ta tashi, Oom. Ni na buge ta ban sani ba."

Pa ya ce, "Kada ki yi ƙarya saboda ni." Ya tsaya gaban abokinsa. "Absalom, kai na auna. Barewa na gani. Na ɗora maka gicciye a wuya."

Oom Absalom ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Tun watan Mayu nake gaya maka. Ka ce ban san komai ba."

"Ka gaya min."

"Ranar da ka zuba min kofi a kan tebur, ka ce kofin ne ya matsa. Ranar da ka gai da turken shinge, ka ɗauka ni ne. Na yi dariya a lokacin. Da na sani ban yi ba." Sai ya juyo gare ni. "Ke fa, Elsabe? Kin sani?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Tun Windhoek. Mai shagon ya gaya min."

"Tun Talata."

"E, Oom."

Ya gyaɗa kai. Wannan mutumin shi ya koya min tuƙi, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ran da kunama ta harbe ni ina shekara shida. Na ce ya bar keken mu tafi a mota, ya ce jakuna ba za su kai kansu gida ba. Bayan kwana biyu 'yarsa Katrina ta zo daga Mariental da motar haya, suka ɗora akwatinsa da gadonsa da kajinsa shida. Pa yana zaune a baranda da filasta a gira, bai iya tashi ba.

Likita a Windhoek ta ce ciwon ya kama ido biyun. Na dama tsakiyarsa ta riga ta tafi, ba za ta dawo ba. Na hagu ana iya riƙe shi da allura duk wata, cikin ƙwayar idon. Ta tambayi Pa tun yaushe yake ganin layi yana lanƙwashewa. Ya ce tun kafin rasuwar matarsa. Ta ajiye biro ta dube shi, ta ce da ya zo a lokacin da an ceci na daman. Ya ce ya sani.

'Ya'yan maƙwabcinmu ne suka zo suka rage namun a wannan shekarar. Sun iya harbi daidai gwargwado, amma a ƙirji suke duka, mahauci ya yi ta ƙorafin kafaɗun da suka dagargaje. Duk ran da suka zo, Pa sai ya shige ɗaki ya kunna rediyo da ƙarfi. Famfon arewa ya tsaya sau biyu. Na biyun sai da muka rasa tumaki tara kafin in gane.

A watan Oktoba, muna dawowa daga allura ta uku, Pa ya ce in ratsa Mariental. Gidan Katrina ɗan ƙarami ne a bayan tashar jirgin ƙasa. Muka sami Oom Absalom a inuwar katanga yana gyara wa jikarsa keke. Ya rame. Ya kawo wa Pa kujera, ya kama hannunsa ya ɗora a kan makarin don kada ya zauna a iska. Katrina ta kawo shayi, ta gai da Pa, ni kuwa ta ajiye min kofi ba ta dube ni ba.

Suka yi maganar tumaki, suka yi maganar wani fasto da ya rasu. Can Pa ya ce, "Ɗakinka yana nan. Ba wanda ya taɓa shi."

Oom Absalom ya ci gaba da murɗa sarƙar keken. "Kerneels, ba na iya sunkuyawa yanzu. Ko takalmi zan ɗaure, sai in ji bayan wuyana yana sanyi. A nan ma haka ne, cikin gari, inda ba kowa a bayana sai katanga."

Pa ya ce, "Ba na taɓa bindiga yanzu. Elsabe ke riƙe da makullin."

"Na ji. Ba fushi nake yi ba. Da fushi ne da ya wuce."

Na ce, "Oom, laifina ne. Da na buɗe baki a hanya…"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun Witpan. "Kin buge bindigar. Katrina ba ta son in faɗi haka, amma ina faɗa mata kullum." Ya mayar da kai kan keken. "Sauran kuma ke da Ubangijinki."

Ba mu daɗe ba muka tashi. Har muka wuce Stampriet hannun Pa yana kan bandejin ido. Sai ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya miƙo min. Ya ce lambobin sun daina ganuwa, in nuna masa yadda ake yi mata magana ta kira mutum da kanta. Na tsaya a gefen hanya na koya masa. Sai da ya maimaita sunan sau biyar kafin wayar ta gane bakinsa.

Yanzu duk Laraba bayan abincin rana yana zama a baranda, ya kai wayar kusa da baki ya ce, "Kira Absalom." Ina jin ƙararta daga kicin. Wani makon a ɗauka, su yi minti goma suna gardama a kan ko wane rago ya kamata a yanka. Wani makon ta yi ta ringi har ta katse, sai Pa ya kife ta a kan gwiwa ya zauna haka nan har inuwa ta juya.